Adam A. Zango da maganar Oscar: wace kyauta ce zai iya ci?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da shagon cajin waya da tura finafinai a wani ƙauye kusa da Kazaure. Kusan kullum bayan sallar isha'i sai an yi musu a bakin shagon a kan Adam A. Zango. Wasu sun ce tunda aka kai fim ɗin Mai Martaba, wanda ya fito a ciki, gasar Oscar ta Amurka ai shi aka kai, murɗiya kawai aka yi masa don yana Bahaushe. Wasu kuma sun ce ko ƙofar gasar bai taka ba. Don Allah a raba mana gardama. Sannan nan gaba akwai wata babbar kyauta da kake ganin zai iya ci? Mu na ƙauye akwai abin da za mu iya yi a kai?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa wa sana'a albarka, ka gaishe min da mutanen majalisar taku.

Fim ɗin ya shiga gasar, wannan gaskiya ne. Amma Adam Zango shi a karan kansa bai tsaya takarar gwarzon jarumi ba, don haka babu wata kujera da aka ƙwace masa. In kuma ka tambaye ni inda nake sa ran wata rana a kira sunansa ya hau dandamali ya karɓi kambu, ba Amurka zan nuna maka ba. Nan gida Afirka zan nuna maka, shi ma da sharaɗin da zan zo kansa.

Mai Martaba ya fito a 2024. Prince Daniel, wanda aka fi sani da Aboki, ma'aikacin rediyo da ya daɗe yana aiki a Kano, shi ne ya ba da umarninsa. A Daura aka ɗauke shi, wato a maƙwabtanku, kuma labarin rikicin gadon sarauta ne a wata ƙagaggiyar ƙasa mai suna Jallaba, a zamanin fatauci ta hamada. Kwamitin da ke zaɓar wa Najeriya fim ɗin da za ta tura Oscar ne ya tsayar da shi, a rukunin finafinan ƙasashen duniya waɗanda ba da Turanci aka yi su ba. Dokar rukunin ita ce kowace ƙasa fim ɗaya tak take turawa, kuma a wannan karon ƙasashe sama da 80 ne suka tura nasu. A Disambar 2024 aka tankaɗe aka bar 15. Mai Martaba bai samu shiga ba. Dahomey na ƙasar Sanagal ya shiga, shi ma bai wuce nan ba. A Janairu aka sake rairaye su zuwa 5, sannan ranar 2 ga Maris, 2025 fim ɗin Birazil mai suna I'm Still Here ya ɗauki kyautar.

Abin da 'yan majalisarku ya kamata su riƙe shi ne, kyautar wannan rukuni ba ta jarumi ba ce. A wancan karon da sunan ƙasa ake bayar da ita, darakta ne yake hawa ya karɓa. Ko da Mai Martaba ya yi nasara, Najeriya za a kira, Aboki ya miƙe. Zango zai samu ɗaukaka a matsayinsa na sunan da ya fi kowane girma a cikin 'yan wasan, amma ba za a ce ya ci Oscar ba.

Rukunin gwarzon jarumi hanyarsa daban ce. Kafin a duba ɗan wasa a can, sai fim ɗinsa ya yi kwana bakwai a jere ana nuna shi a gidan silima na kuɗi a ɗaya daga cikin wasu manyan biranen Amurka da aka ware, irin su Los Angeles da New York. Waɗanda suke fitar da 'yan takara biyar kuwa 'yan wasa ne 'yan'uwansa da ke cikin ƙungiyar masu ba da kyautar, kuma ba wanda zai zaɓi abin da bai kalla ba. Sa su kalla ɗin shi ne babban aiki: kamfanin da ya sayi fim ɗin zai yi watanni yana shirya nuni na musamman, yana sa talla, yana yawo da jarumin daga wannan hira zuwa waccan. Harshe bai hana ba. Fernanda Torres, jarumar fim ɗin Birazil ɗin nan, da harshen Fotugis ta yi wasanta kuma ta shiga cikin mata biyar na ƙarshe a 2025. Sai dai akwai babban kamfanin rarraba finafinai na Amurka a bayanta, abin da har yau babu fim ɗin Hausa da ya samu.

Maganar an yi murɗiya don Bahaushe ne, ban yarda da ita ba, kuma tarihin da ke gabanmu ma akasin haka yake nunawa. Daga 2019 zuwa 2024 sau huɗu Najeriya ta miƙa fim. Na farko, Lionheart na Genevieve Nnaji, wanda Sani Mu'azu da Yakubu Muhammad suka fito a ciki, an cire shi daga gasar tun kafin a fara, saboda Turanci ya yi masa yawa. Doka ta ce fiye da rabin maganar fim ya kasance ba da Turanci ba. Na biyu, The Milkmaid na Desmond Ovbiagele a 2020, Hausa ce ta fi yawa a cikinsa. Na uku Mami Wata a 2023, na huɗu Mai Martaba. Biyu cikin huɗu ke nan da harshenmu. A wannan rukuni Hausa jari ce, don 'yan'uwanmu na Kudu da suka saba yin fim da Turanci su ne doka ta ɗaure wa hannu. Ba na musun cewa yawancin masu kaɗa ƙuri'ar Amurkawa ne da Turawa, kuma idonsu bai cika juyowa Afirka ba. Sau uku kacal wata ƙasar Afirka ta taɓa cin wannan rukuni: Aljeriya da fim ɗin Z a 1970, Kodebuwa a 1977, sai Afirka ta Kudu da Tsotsi a 2006. Timbuktu na Muritaniya ya kai biyar na ƙarshe a 2015. Wannan rashin kulawa ce da ta shafi nahiya gaba ɗaya, ba ƙulli ne da aka yi wa mutum ɗaya ba.

Yanzu ga Zango kansa. Na daɗe a ɗakin tace finafinai, kuma mai tacewa yana ganin ɗan wasa ta yadda mai kallo ba ya ganinsa, don yana maimaita fitowa ɗaya har sai ya san inda ido ya ƙifta. A ganina Zango na cikin 'yan ƙalilan a Kannywood da jikinsu yake yin wasa kafin bakinsu ya buɗe. Ta kiɗa da waƙa ya shigo harkar, kuma abin ya bi shi: ya san lokacin da zai motsa, ya san lokacin da zai tsaya cak. A Basaja, inda ya fito ɗan damfara mai sauya kama, tafiyarsa da muryarsa suna canzawa da kowace shiga. A Gwaska kuwa sau da yawa fuskar a rufe take, da kafaɗa da taku yake isar da saƙo. Wannan baiwa ce, ba kowa Allah ya ba ba, kuma irinta ce take ƙetare shingen harshe, don alƙalin da bai jin Hausa yana jin jiki.

Matsalar tana wurin irin rawar da ake ba shi. Yawancin finafinan da suka yi masa suna an gina su ne a kan farin jininsa. Mai kallo ya zo ganin Adam Zango, an kuma ba shi Adam Zango: ya fi kowa wayo, ya fi kowa ƙarfi, ya yi waƙa, ya yi nasara. Wannan yana cika aljihun furodusa kuma babu laifi a ciki. Amma alƙalan gasa abin da suke nema shi ne su manta da sunan ɗan wasan, su ga wani mutum da abu ya ci masa tuwo a ƙwarya, wanda ya shiga fim ɗin da hali ɗaya ya fita da wani. Mai Martaba mataki ne mai kyau ta wannan fuska, don ya yarda ya shiga cikin taron 'yan wasa da yawancinsu sababbin fuska ne, a labarin da ba a kansa kaɗai yake juyawa ba. Hakan ya ƙara wa fim ɗin daraja. Sai dai fim ɗin da aka raba nauyinsa a kan mutane da yawa ba ya cika samar wa mutum ɗaya kambun gwarzon jarumi.

Sannan akwai abin da ya fi ƙarfin Zango, wanda ya shafi masana'antar duka, kuma shagonka yana tsakiyarsa.

Tun daga Turmin Danya a 1990, Kannywood a kan kaset ta tashi, daga baya faifan sidi, Kasuwar Ƙofar Wambai ce cibiyarta. Da wayoyi suka yawaita, satar fasaha ta yi ƙamari, sai wannan kasuwa ta rushe. Gidajen silima na da, irin su Marhaba da Plaza da El Dorado da Orion, an daɗe da barin zamaninsu, sababbin da suka zo kuma ba su kai yawan da za su riƙe masana'anta ba, ballantana a Jigawa. Sai kowa ya koma fim mai dogon zango. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta buɗe hanya da Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, Aminu Saira ya zo da Labarina, Lawan Ahmad ya nuna da Izzar So cewa YouTube kaɗai na iya riƙe shiri. Zango ma ya bi sahu da nasa. Ba na raina wannan ko kaɗan, shi ne ya hana dubban mutane zaman banza lokacin da aka zaci harkar ta mutu.

Amma kowace kasuwa tana da irin kayan da take haifarwa. Shirin da dole ya fita duk mako, a kalle shi a allon waya, sau da yawa cikin hayaniya, dole ya zama magana ce ke tafiyar da shi: mutum biyu a falo, kyamara a fuskar wannan, kyamara a fuskar wancan. Marubuci yana rubutu ana ɗauka. Ba a san ranar ƙarewa ba, don haka ba a san inda halin jarumin zai dosa ba, shi ma ɗan wasan bai sani ba. Ta yaya zai auna inda zai riƙe hawaye da inda zai sake su, alhali bai ga ƙarshen labarin ba? Wanda zai ce ai shiri mai kashi-kashi ba ya cin kyauta ya yi kuskure, don Femi Adebayo ya ci gwarzon jarumi da shirin Seven Doors a gasar finafinai ta AMVCA ta 2025, kuma Yarbanci ne ya fi yawa a bakinsa. Amma Seven Doors 'yan kashi kaɗan ne, an rubuta shi har ƙarshe kafin a kunna kyamara. Bambancin ke nan.

Kai ɗan Jigawa ne, ka san yadda ake cinikin riɗi a Maigatari. Riɗin da uwar gida za ta yi kantu da shi, ɗanɗano kawai take dubawa. Wanda za a fitar ƙasar waje kuwa sai an duba danshinsa, an duba tsakuwa da ƙaiƙayi, an duba launi, kuma riɗi mai daɗi yana iya komawa gida saboda ƙasa ta yi masa yawa. Haka alƙalan fim suke, akwai abubuwan da suke dubawa kafin ma su kai ga wasan jarumi, kuma biyu daga ciki su ne suka fi kayar da mu.

Na farko sauti. Mun saba da muryar da take tashi ta faɗi tsakanin fitowa da fitowa, da ƙarar janareta a bayan magana, da kiɗan da ake shimfiɗawa tun daga farko har ƙarshe don a rufe aibin da ke ƙasa. A lasifikar waya ba a ji sosai. A zauren silima kuwa minti biyar na farko sun isa su sa alƙali ya yanke hukunci a zuciyarsa. Ɗan wasa zai iya yin rawar rayuwarsa, in makirufo bai kama numfashinsa ba, rabin aikin ya zube a lokeshan.

Na biyu fassarar da ake rubutawa a ƙasan allo. Wannan abu yana min ciwo ƙwarai. Ƙarfin fim ɗin Hausa yana cikin bakin mutanensa: habaici, gugar zana, karin magana, zancen da ake faɗa a kaikaice don girmamawa. Alƙalin da ke Legas ko Nairobi ba ya jin ko ɗaya, abin da aka rubuta masa kawai yake karantawa. In aka ba wa wanda ya fi kowa arha aikin fassara a daren da za a miƙa fim, to an mayar da hira mai zurfi ta koma maganar yara, kuma jarumin ne zai bayyana kamar bai iya ba. Aikin nan na wanda ya ƙware a harsunan biyu ne kuma ya san fim, a ba shi makonni, a biya shi da kyau.

A nan ne nake ganin wata dukiya da muke da ita ba mu cika taɓawa ba, wato kunya da kara irin namu. Ɗauki dattijon ƙauye da aka kawo masa ɗansa na fari a kwance, an yi haɗari a hanyar kasuwa. Al'ada ba ta bar shi ya rungume shi a gaban jama'a ba, ƙila ko sunansa ba ya kira. Zai tsaya yana tambayar waɗanda suka kawo shi ko sun sha ruwa, yana yi musu sannu da hanya, alhali carbin da ke hannunsa ya ƙi tsayawa. Wannan fitowa ba ta buƙatar fassara ko layi ɗaya. Duk ɗan Adam da ya kalla zai gane abin da ake dannewa, kuma irin wannan wasa na dannewa shi ne alƙalai suka fi girmamawa a ko'ina. Mu kuwa mun fi ba wa jarumanmu dogon jawabi da kuka mai sauti, abin da muka ɗauko daga finafinan Indiya da wasan rediyo. Zango ya kai shekarun da zai iya ɗaukar irin wannan rawa, uba ko maigida ko basarake da ƙasa ta juya wa baya. Ɗan wasan da jikinsa ke magana kamar nasa, in aka ba shi fitowar da baki ya yi shiru, na yi imani zai ba mutane mamaki.

To, wace gasa ce ƙofarta ta fi kusa?

AMVCA, wadda tashar talabijin ta Africa Magic ke shiryawa a Legas tun 2013, a shekarun nan cikin watan Mayu, ita ce ta fi amo a Najeriya. A da tana da rukuni na finafinan Hausa zalla. Mansoor na Ali Nuhu ya ci a 2018, Voiceless ya ci a 2022, Aisha na Abubakar Bashir Maishadda ya ci a 2023. Daga 2024 aka rushe wannan tsari, aka haɗa duk harsunan Afirka ta Yamma a rukuni ɗaya, kuma ƙuri'ar jama'a ta intanet ce ke raba gardama. Sakamakon bai ɓoyu ba: Jagun Jagun ya ci a 2024, Lisabi ya ci a 2025, duka na Yarbanci, duka an nuna su a Netflix. Mai Martaba ya shiga jerin 'yan takarar 2025, kuma wannan ma abin a yaba ne. Ba wai masu kallon Hausa sun fi na Yarbanci ƙaranci ba ne. Masu kallonmu suna irin ƙauyenku, suna karɓar fim a memori, ba su san ranar da aka buɗe zaɓe ba, wasu ko sunan gasar ba su taɓa ji ba. A ganina haɗe rukunin nan ya cutar da mu, kuma ya kamata MOPPAN da sauran ƙungiyoyin 'yan fim su riƙa faɗin haka da babbar murya. Amma a gyaran nan na 2024 akwai abin da ya yi mana daɗi: an ɗauke rukunin gwarzon jarumi da na mataimaki daga hannun masu ƙuri'a an miƙa wa alƙalai. Ke nan yawan mabiya a Instagram ya daina yanke hukunci a wurin, aiki ne zai yi magana.

AMAA ita ce nake ganin ta fi dacewa da shi. Marigayiya Peace Anyiam-Osigwe ce ta kafa ta a 2005, ta Afirka ce gaba ɗaya, alƙalai ne ke yanke hukunci, kuma tana da kyauta ta musamman ga fim ɗin da aka yi da harshen Afirka, mai ɗauke da sunan Ousmane Sembène na Sanagal. A shekarun nan wajen ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba ake yin ta. Mafi muhimmanci, 'yan Kannywood sun taɓa cin ta. Ali Nuhu ya karɓi kyautar jarumi mai tasowa a 2007 da fim ɗin Sitanda na Izu Ojukwu. Maryam Booth ta ci gwarzuwar mataimakiyar jaruma a 2020 da The Milkmaid, fim ɗin da ya tashi da kyaututtuka biyar a daren, har da na gwarzon fim. Ka lura da abu ɗaya: duka biyun ba a finafinan kasuwar Kano suka ci ba. Mutanen dai su ne, baiwar ita ce wadda muka sani, abin da ya canza shi ne an ba su rubutu kammalalle, lokaci, da ma'aikatan da suka san sauti da haske. Wannan ya ishe ni hujja cewa ba 'yan wasa muka rasa ba.

Akwai kuma bukukuwan baje kolin finafinai, waɗanda ba a cika maganarsu a majalisa ba alhali ta nan ake hawa. FESPACO ta Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, wadda aka fara a 1969 kuma ake yi duk bayan shekara biyu, ita ce uwa a Afirka, ɗan Najeriya Newton Aduaka ya taɓa cin babbar kyautarta a 2007 da fim ɗin Ezra. Akwai AFRIFF a Legas cikin Nuwamba, akwai Zuma a Abuja wadda Hukumar Finafinai ta Najeriya ke shiryawa, hukumar da aka naɗa Ali Nuhu ya shugabanta a Janairun 2024, akwai kuma KILAF a nan Kano ta finafinan harsunan Afirka. A irin waɗannan wurare masu sayen fim da masu zaɓar wa manyan gasa suke ganin abu. Fim ɗin da bai zaga su ba, ko an tura shi Oscar, baƙo ne da ba wanda ya taɓa jin labarinsa.

Kyaututtukan cikin gida da mujallu da kamfanoni da ƙungiyoyi ke bayarwa, Zango ya tara su, kuma zai ci gaba da tarawa. Suna da amfaninsu, amma farin jini suke aunawa, abin da ba a taɓa yi masa gardama a kai ba.

Hasashena ke nan a fili. Oscar ta gwarzon jarumi, ban ga alamarta ba a nan kusa, ba ga Zango kaɗai ba, ga duk wani ɗan wasan Najeriya da ke aiki a gida. Rukunin harsunan gida na AMVCA yana da wuya muddin tsarin ƙuri'ar nan yana nan. Shiga jerin 'yan takarar jarumi ko mataimakin jarumi a AMAA ko AMVCA kuwa abu ne mai yiwuwa ƙwarai, in ya samu fim ɗaya da aka rubuta domin gwada shi ba domin tallata shi ba. Kuma ka sani, ɗan wasa ba ya kai kansa gasa. Furodusa ne yake cike takarda, ya miƙa fim da fassararsa kafin wa'adi ya cika. Finafinanmu masu kyau da yawa ba faɗuwa suka yi ba, ba a kai su ba ne.

Abin da ku na ƙauye za ku iya yi ya fi yadda kuke zato. Shagonka wuri ne da wayoyin gari suke kwana. In aka fitar da jerin 'yan takarar AMVCA, makonni kafin bikin, ana buɗe zaɓe a shafin Africa Magic na intanet, kuma duk mai waya da ɗan data zai iya yin rajista ya kaɗa. In akwai fim ɗin Hausa a ciki, ka sanar da masu zuwa caji, ka nuna wa wanda bai iya ba yadda ake yi. Da masu shago irinka na Kano da Jigawa da Katsina za su yi haka a mako ɗaya, da lissafin rukunin nan ya canza.

Ɗayan kuma zan faɗa maka shi a matsayin yayanka, na san a nan abincinka yake. Fim ɗin da aka tura daga waya zuwa waya ba tare da sanin mai shi ba, ko mutum dubu sun kalla a garinku, ko sisi ba ta koma wa wanda ya kashe kuɗinsa ba, kuma ba ya shiga lissafin da furodusa zai nuna wa mai zuba jari. Kuɗin mai ɗaukar sauti na ƙwarai da mai fassara na ƙwarai daga nan ya kamata su fito. Ba cewa nake ka rufe shago ba. Ka riƙa karɓar sababbin finafinai daga hannun masu su ko wakilansu, ko da ribar za ta ragu kaɗan, kuma wanda yake da data ka nuna masa tashar YouTube ta ainihin mai shirin maimakon ta waɗanda suka kwafa.

In kuka ji an ce Zango ya shiga sabon aiki, ga abin da za ku bincika kafin a fara musun kyauta: fim ne guda mai farko da ƙarshe ko shiri ne na kowane mako, wane ne ya rubuta shi kuma an gama rubutun kafin a tafi lokeshan, sannan za a nuna shi a silima ko kai tsaye waya zai faɗo. Na ƙarshen nan ba ƙaramin abu ba ne, don ko kwamitin Najeriya ba zai iya tura fim Oscar ba sai ya yi kwana bakwai a jere a gidan silima na kuɗi, kuma a 'yan shekarun nan wa'adin yana cika ne a ƙarshen watan Satumba.